Kardan ya fara ƙas-ƙas: mu canja da kanmu ko mu kai wa makanike?

 Tun da ruwa ya ɗauke, saƙonnin murya da ke shigo mana ta WhatsApp a filin direbobi kusan maganarsu ɗaya ce: ƙafar mota tana kuka. A cikinsu akwai na wani ɗan ƙasa da ke aiki a Faransa. Ya sayi ƙaramar mota ya aje a gida, ƙanensa na jigilar 'yan kasuwa da ita, yanzu an buga masa waya an ce kardan ya mutu, a turo kuɗi. Shi kuma ya duba YouTube ya ga Bature ya canja nasa a ƙofar gida cikin awa guda. Tambayarsa ita ce: don me ƙanena ba zai yi da kansa ba, mu huta da kuɗin makanike?

Mun amsa a iska, amma maganar rediyo iska ke tafiya da ita. Shi ya sa muka rubuta ta a nan yadda mai bukata zai dawo ya duba. Amsarmu a gajarce: lissafin da ke sa mutumin Turai ya gyara da kansa ba shi ne lissafinmu ba. A can ladan aiki ke da tsada. A nan ƙarfen ne mai tsada, hannun makanike kuwa da sauƙi. Don haka inda mai mota zai ceci kuɗinsa ba wajen kwance noti ba ne. Wajen duba roba ne da wuri, da wajen sayen ƙarfen da ya dace, da tsayawa a kan aikin har a gama.

Mene ne kardan?

Mu da muke bakin iyaka suna biyu muka san shi da su. Makaniken da ya koyi aiki a Damagaram ko Maraɗi zai ce kardan. Wanda ya yi zaman gareji a Daura ko Kano zai ce shaf. Abu ɗaya ne: sandar ƙarfen da ke ɗauko ƙarfin inji daga akwatin giya, wato bwat, ta kai wa taya. Motar da ke ja da ƙafafun gaba tana da guda biyu, na hagu da na dama. Irin su Starlet, Corolla, Carina, Golf, Opel Astra da Peugeot 406 duk haka suke. Hiace da tsohuwar Peugeot 504 mai ɗaukar kaya kuwa da baya suke turawa, doguwar sanda ce gare su a ƙarƙashin ciki mai kuros, maganarsu daban ce. Hilux na zamani mai jan ƙafa huɗu yana da irin wannan kardan a gaba.

Wahalar aikin kardan ita ce taya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana hawa tana sauka da ramuka, tana juyawa hagu da dama da sitiyari, kuma duk da haka sai ƙarfi ya isa gare ta ba tangarɗa. Shi ya sa kowace sanda ke da kai biyu masu lanƙwasa. Kan waje, na wajen taya, yawanci ƙwallayen ƙarfe 6 ne a cikin keji, yana iya karkata har wajen digiri 45 yana juyawa. Kan ciki, na wajen bwat, a motoci da yawa ƙafa uku ne da shi masu naɗi, yana shiga yana fita kaɗan don sandar ta ƙara tsawo ko ta rage idan mota ta faɗa rami. Kowane kai cike yake da giris, an rufe shi da roba mai ninki kamar zugazugin maƙeri. Wannan robar ita ce sufle, ko robar shaf. Ku riƙe sunanta, don duk labarin a kanta yake.

Ga mai son tarihi: sunan kardan ya samo asali ne daga wani masanin Italiya, Gerolamo Cardano, wanda ya rayu daga 1501 zuwa 1576. Kan mai ƙwallaye 6 kuwa wani injiniyan kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1920. Faransawa da muka gaji kalmar daga bakinsu sun fito da Citroën mai ja da gaba tun 1934.

Abin da ke kashe shi a wajenmu

Ƙarfen kardan ba ya saurin mutuwa. In robarsa lafiya lau, sai ya yi shekaru ba a taɓa shi ba. Abin da ke faruwa shi ne robar ta tsage. A ƙasarmu kuwa komai gaba yake da roba. Zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da ita har ta yi zane-zane. Kututturen karan gero da ƙaya suna soke ta idan direba ya bar hanya ya ratsa gona don gudun rami. Da ta tsage, juyawar taya sai ta watsar da giris waje, rairayi ya shiga, ruwan kwari ya bi baya in damina ce. Giris da rairayi in sun haɗu, dutsen niƙa ke nan. Ƙwallayen da aka goge su sumul a masana'anta sai su fara cin mazauninsu.

Sai lodi. Mun san yadda ake cika ƙaramar mota ran kasuwa: buhunan wake da gyaɗa a but, damin raken Dungu a sama, mutum huɗu ko biyar a baya, biyu a gaba ban da direba. Motar da aka yi wa haka, in ta kafe a rairayi, direba ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya taka totur da ƙarfi, to a wannan lokacin ne kan waje ya fi shan azaba. Da yawan kardan da ke tsinkewa a nan suke tsinkewa. Wanda ke bin kwalta kawai, daga Takeita zuwa Matamai zuwa Ɗan Barto, nasa zai fi na mai shiga ƙauyukan Dawce da Tsauni daɗewa, ko da motarsu iri ɗaya ce.

A tabbatar shi ne kafin a kashe ko dala

Ba kowace ƙara a ƙafar mota ce kardan ba, kuma wannan binciken kowane direba zai iya yi da kansa, kyauta.

A sami fili, kamar filin ƙwallo ko filin idi. A murɗe sitiyari har ƙarshe, a sa giya ta ɗaya, a riƙa zagayawa a hankali ana ɗan taka totur. A yi ta hagu, a yi ta dama, a kuma gwada da baya. In aka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, tana ƙaruwa da saurin taya, to kan waje ne. A sauke gilashi, ko wani ya tsaya a waje ya saurara, don a san ɓangaren da ke kukan. Kan ciki ba ya yin wannan ƙara. Alamarsa ita ce mota ta riƙa karkarwa idan an taka totur a miƙaƙƙiyar hanya, da an ɗaga ƙafa kuma ta yi shiru. Wani lokaci a ji ƙwal guda ɗaya idan an tashi ko an canja giya.

In kuwa gurnani ne, wuuu, da ke ƙaruwa da gudu ko an taka totur ko ba a taka ba, wannan boris ne, wato rulma. In ƙwal-ƙwal ce da ba ta fitowa sai a gargada, a duba rotil da shokazoba da robobin ƙafa. Mun sha jin wanda ya sayi kardan ya ɗaura, ƙara tana nan, ashe tun farko boris ne.

Bayan kunne sai ido. A juya taya waje, a durƙusa a leƙa bayanta. In an ga baƙin giris ya fantsama a cikin ƙarfen taya ko a jikin shokazoba, roba ta fashe. A sa yatsa a buɗa ninkin robar, don tsagar a cikin ninki take ɓuya. Wannan dubawar ba ta cin minti biyu. Direban da ke yin ta duk mako, ran da yake wanke mota, shi ne ba ya sayen kardan.

Don in aka kama tsagar da wuri, kafin ƙara ta fara, ba a bukatar sabon kardan. A cire, a wanke kan da fetur ko gazuwal tas, a bar shi ya bushe, a cika da sabon giris, a sa sabuwar roba da maɗaurinta. Kuɗin wannan bai kama ƙafar kuɗin kardan ba. Amma in ƙas-ƙas ta fara, ƙarfe ya riga ya ciwu. Sabon giris zai iya rage kukan na ɗan lokaci, ba ya mayar da abin da rairayi ya cinye.

Wani zai ce, ai tawa ta yi wata uku tana kuka ba abin da ya faru. Haka ne, tana iya jurewa. Sai dai ran da kan ya fashe, inji zai yi ta ƙugi mota ba ta motsi, don duk ƙarfin zai zube ta ɓangaren da ya tsinke. Mota mai giya otomatik ko an sa ta a P gangarawa za ta yi in ba a ja burkin hannu ba. Guntun sandar kuma yana iya dukan tiyon burki. Ku tuna cewa a ƙauyuka da yawa motar kasuwar nan ita ce motar ɗaukar mai naƙuda da dare zuwa asibitin Matamai. Ba a son ranar ta zama wannan ranar.

Yadda aikin yake

Mu faɗi matakan, ba don kowa ya yi ba, sai don mai mota ya san abin da yake biya.

Ana fara sassauta babban notin tsakiyar taya tun mota na ƙasa, bayan an ɗaga bakinsa da aka dandaƙe ko an zare fil ɗin da ke kulle shi. Sai a ɗaga mota, a tokare ta, a cire taya. A raba rotil na ƙasa, ko a kwance notocin shokazoba, don ƙafar ta buɗe waje. A turo kan kardan daga cikin boris. Sannan a zaro kan ciki daga bwat: a Toyota wani ɗan zobe ne ke riƙe shi, sai an ɓamɓare da ƙarfe, a Golf kuwa kusoshi 6 ne masu kai na musamman. A Peugeot, na dama yana da wani boris a tsakiya da sai an sake shi. Da an zare, a yawancin motoci man bwat zai biyo. A sa sabo, a tura har zoben ya kama, a mayar da komai, a ɗaure babban noti, a kulle shi, a cika mai.

A baki ba wuya. Amma akwai wurare huɗu da aikin ke cin wanda bai saba ba.

Na farko babban notin. A Corolla da Golf girmansa 30 ne, kuma na Corolla da yawa mai kusurwa 12 ne, sifanar taya ba ta kama shi. Ɗaurinsa ma da ma'auni. Littafin Toyota ya ba da 216 Nm ga Corolla da yawa, alhali notin taya 103 ne kawai. Golf 3 ya kai 265. Don a gane nauyin abin: 216 daidai yake da mutum mai kilo 70 ya ɗora duk nauyinsa a kan sandar sifana, tazarar santimita 30 da ɗoriya daga noti. Wannan notin ba kardan kaɗai yake riƙewa ba, shi ke matse boris ɗin taya. In ya yi sako-sako, boris zai mutu cikin 'yan kwanaki, taya ta fara rawa. In aka sa dogon bututu ƙato ya hau yana tsalle, zare ya lalace ko boris ya matsu fiye da ƙima. Kuma ba a tura mota ko taku ɗaya alhali notin nan ba a ɗaure ba, nauyinta kaɗai ya isa ya ɓata boris.

Na biyu bakin bwat. Inda kardan ke shiga akwai wata siririyar roba mai tare mai, sil, wadda masu Faransanci ke ce wa jwan spi. In haƙoran sabon kardan suka karce ta wajen shiga, mai zai riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Bwat ɗin ƙaramar mota wajen lita 2 na mai yake ɗauka. Wata biyu sai giya ta fara kuka, kuma kuɗin bwat ya ninka na kardan sau da yawa. Mu kanmu abin ya taɓa cin mu. Motar da muke haya zuwa ɗaukar shiri a ƙauyuka an canja mata kardan a wani gareji, aka manta ba a cika mai ba. Ba mu yi nisa ba giya ta ƙi shiga, muka ƙarasa a amalanke da na'urorinmu a cinya. Makanike ne ya yi wannan, ba ɗan koyo a gida ba. Shi ya sa za mu dawo kan maganar tsayawa a kan aiki.

Na uku guduma. Kan kardan yakan maƙale a cikin boris saboda tsatsa. Wanda bai sani ba sai ya dinga dukan bakin zaren har ya baje, noti ya ƙi shiga. Ana mayar da tsohon noti a baki ne, ko a sa katako, sannan a buga. Kuma in ƙafa ta buɗe, kada a bar nauyinta ya rataya a tiyon burki.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damunmu, don shi rai yake ci. Ƙasarmu rairayi ce. Jak, ko kirik, da ke zuwa da mota an yi shi ne don canja taya a kan ƙasa mai tauri, ba don mutum ya sa ƙafafunsa a ƙarƙashi yana fizgar ƙarfe ba. Zare kan ciki kuwa sai da fizga. Jak ya nutse gefe ɗaya, mota mai nauyin tan guda ta zame, shi ke nan. Tubalin ƙasa da bulo mai rami ba sa tokare mota, farfashewa suke yi ba gargaɗi. In dole ne, a sa faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak, a tokare da gungumen ice mai ƙwari, a kwantar da tayar da aka cire a ƙarƙashin gefen mota, a sa duwatsu a tayoyin baya. Yara kuma a kore su daga wurin, don mun san da an buɗe mota sai sun taru.

Sayen ƙarfen

A nan kuɗin yake, a nan kuma ake yin asara.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo na ainihi, na kamfanin motar ko na manyan masu ƙera shi irin su GKN, SKF da NTN-SNR. Shi ya fi tsada, kuma sai an yi hattara da jabun kwali. Akwai na hannu da aka ciro daga motocin Turai, wanda ake kira ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano. Akwai kuma sabo mai araha. Makanikai da yawa sun fi son na hannu mai kyau a kan sabo mai araha, kuma muna ganin suna da hujja, don ƙarfen asali ne. Sai dai na hannu robarsa ta tsufa. A riƙe sandar a murɗa kan: in yana da wasa, ko ana jin gargada a ciki, a aje shi. In ya yi, a sa masa sabuwar roba tun kafin a ɗaura.

Ba dole ne kullum a sayi sandar gaba ɗaya ba. In kan waje ne kaɗai ya ciwu, ana sayar da shi shi kaɗai da robarsa da giris ɗinsa, a fitar da tsohon a sa sabon a kan sandar asali. Kuma in na hagu ya mutu, ba sharaɗi ba ne a canja na dama. A duba robarsa dai, don shekarunsu ɗaya.

Abin da ke sa a yi tafiyar banza shi ne rashin daidaito. Na hagu da na dama tsawonsu ba ɗaya ba ne. Na mota mai giyar hannu da na otomatik sukan bambanta. Corolla biyu masu kama ɗaya a ido suna iya bambanta a yawan haƙora. Don haka tsohon ake ɗauka a tafi da shi, a jera su a ƙasa, a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran waje da na ciki ɗaya bayan ɗaya. In motar tana da burkin ABS, a ƙirga haƙoran zoben da ke jikin kan, in ba haka ba fitilar ABS ba za ta mutu ba. Kuma a yi sharaɗi da mai shago tun kafin a biya: in bai shiga ba, za a dawo da shi.

Giris ma ba kowanne ba. Na kan waje baƙi ne, mai sinadarin molibdenam, yakan zo a 'yar leda tare da robar, wajen gram 80 zuwa 120. Jan giris ko ruwan ɗorawa na boris ba ya jure matsin da ke cikin kardan. A zuba duk ledar, kada yaron gareji ya rage rabi don aikin gobe.

Inda ake samu kuwa kun sani: abin da babu a Matamai sai Damagaram, ko a tsallaka ta Ɗan Barto da Kwangwalam zuwa Mai'aduwa da Daura, in ya faskara sai Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Farashi yana bin canjin naira da sefa, yana kuma bin halin iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijeriya har zuwa watan Maris 2024, hanyar Kwatano ma ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Duk wanda ya nemi kayan mota a lokacin ya ji a jikinsa. Shi ya sa ba mu rubuta farashi a nan ba, na bara ba shi ne na bana ba. A tambayi shago biyu ko uku ta waya kafin a tashi, a kuma sa kuɗin mota da na abinci a cikin lissafi.

Ga 'yan uwa na waje

Ku da ke Faransa, Beljiyam, Amurka, da ku na Aljeriya, Libiya, Legas da Abijan, ga inda lissafin ya rabu. A Faransa awa ɗaya ta aikin gareji tana wuce yuro 50. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato sama da jika 32 ke nan a awa guda. A Nijar mafi ƙarancin albashi na wata, tun Janairun 2024, jika 42 ne. Baturen da kuka gani a bidiyo yana da daɓen siminti, da ƙafafun tokare mota, da sifana mai ma'auni, da shagon da zai kawo masa ƙarfen daidai da lambar motarsa. In ya yi da kansa ya ceci kuɗi mai yawa. Ƙanenku a gida in ya yi da kansa, abin da zai ceta ladan makanike ne kawai, wanda bai kai kuɗin sayen soket mai lamba 30 da doguwar sanda da zai bukata ba. Abin da zai iya ɓatawa kuwa boris ne, da bwat, da ƙafarsa.

Abin da za ku iya yi daga can ya fi haka amfani. Ku ce a turo muku bidiyon gwajin fili ku ji ƙarar da kunnenku, da hoton robar. Ku ce a raba muku lissafi gida uku: ƙarfe, mai da giris, ladan aiki. In an gama a turo hoton tsoho da sabo a jere. Wannan ba rashin yarda ba ne, kuma in aka saba da shi yana kashe zargin da ke shiga tsakanin wa da ƙane a kan kuɗin mota, wanda mun san ya raba gidaje. In kuma kuna son ku aiko da ƙarfen daga can, kada ku saya da sunan mota kawai. A turo muku lambar shasi da ke kan takardar mota, kart giriz. A motocin da suka fito daga Turai harafi da lamba 17 ne. Mu a ganinmu ma, robobi masu kyau guda huɗu da giris ɗinsu sun fi dacewa da jakar matafiyi a kan sandar ƙarfe mai nauyi.

Wa ya kamata ya yi da kansa?

Akwai su. Direban da ya yi shekaru yana karen mota ko yaron gareji, ya taɓa cirewa da hannunsa a gaban maigidansa, yana da soket da sanda ko inda zai ara, yana da wuri mai tauri, wannan ya yi abinsa. Haka wanda abin ya ritsa da shi a daji, inda jawo motar zuwa gari ya fi gyaran tsada. Ko shi ma sau da yawa ya fi sauƙi ya ɗauko makanike a kabu-kabu da kayan aikinsa, su yi tare. Duk direban da ke shiga daji kuma ya san dabarar wucin gadi: in roba ta fashe a hanya, a goge rairayin, a cusa giris, a naɗe da leda mai kauri a ɗaure da tsinken tsohon tib. Wannan na kaiwa gari ne, ba na yin mako ba.

Sauran mu, malamin makaranta da ɗan kasuwa da mai gari da ya sayi mota jiya, mu kai wa makanike. Amma kada a aje makulli a tafi shan shayi. A tsaya, cikin ladabi, ba a koya wa mai sana'a sana'arsa. "Maigida, don Allah a ba ni tsohon in gani" ba zagi ba ne. A ga an jera tsoho da sabo. A ga an sa maɗaurin ƙarfe a bakin roba, ba waya ko tsumma ba. A ga an buɗe bwat an cika mai, kuma irin nasa: na giyar hannu daban, na otomatik daban. A ga maigidan da kansa ya ɗaure babban noti, sabo in ya zo da shi, ya dandaƙe bakinsa ko ya sa fil. A yi ciniki tun kafin a kwance taya, a kuma ji ko zai sake dubawa kyauta in ƙara ta dawo cikin mako.

Kafin a biya, a shiga da shi a koma fili a sake zagayen nan hagu da dama, sannan a hau kwalta a taka a ji ko akwai karkarwa. In an kwance notocin shokazoba, a lura ko mota na ja gefe ɗaya, don sai an daidaita ƙafa in ba haka ba za ta cinye taya. Da dare a aje ta a wuri mai tsabta, da safe a leƙa ƙasa ko mai ya ɗiga. Tsohon kardan kuma a sa shi a but a tafi da shi gida: in kai ɗaya ne ya mutu, ɗayan da sandar suna nan da amfaninsu, kuma shi ne samfurin da za a nuna wa mai shago wani karon.

Makanikan Matamai da Kance da ke saurarenmu, in akwai abin da kuka ga ya kamata a ƙara game da wata mota, ku turo saƙon murya a lambar gidan rediyo, za mu sa a filin direbobi na mako mai zuwa.